Ga teku ga ƙishirwa: amsa ga ɗan'uwana na Kano daga Jihar Bahar Maliya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, ya gida ya iyali, ya mutanen Kano baki ɗaya. Naga tambayoyinka kuma wallahi naji daɗinsu, don yawancin mutanenmu na can in akace Hausawan Sudan to garin Mai Wurno ne ke faɗo musu a rai, ko Gadarif, ko gonakin audugar Jazira, ba kasafai ake tunawa da mu da muke can ƙurewar gabas a bakin Bahar Maliya ba. Zan baka amsa iya abinda na sani na kuma gani da idona, sai dai kayi haƙuri maganar ba gajera bace.

Kace tunda a bakin teku muke ai mun huta, ga ruwa ga kifi ga iska mai sanyi, ƙila ma muna noma rani da damina. To daga nan zan fara, don in baka gane wannan ba sauran bayanin duk ba zai shiga ba. Jihar nan tamu bata da kogi ko guda ɗaya da yake gudana shekara ta zagayo yana gudana. Ko ɗaya. Nilu yana can yamma da mu ta wajen Atbara, tsakaninmu da shi duwatsu ne da hamada na ɗaruruwan kilomita. Ruwan saman da yake sauka a Bur Sudan, wato garin da kuke ji a rediyo ana kira Port Sudan, in ka haɗa na shekara guda cur bai cika kaiwa milimita 100 ba, abinda ku a watan Agusta kaɗai kuna samun fiye da ninkinsa biyu. Shi kuma tekun da kake hange yana cikin tekuna mafiya gishiri a duniya saboda babu wani babban kogi da ke zuba masa ruwan daɗi ga rana tana ƙona shi kullum, baka iya sha, baka iya bawa akuya, baka iya ban ruwan ko tushen kuɓewa ɗaya da shi. Kana kallon ruwa iya ganinka kana kuma lissafin jarka nawa ta rage a gida, haka muka taso.

In ka tsaya a bakin ruwa ka juya masa baya ka fuskanci yamma, abinda ke gabanka wani siririn fili ne shimfiɗaɗɗe, ƙasa mai gishiri da tsakuwa da ƙananan itatuwan ƙaya, nan ne Bur Sudan da Sawakin da Tokar suke. Ba zakayi tafiya mai nisa ba sai duwatsu su tare ka, jerin duwatsun Bahar Maliya kenan da suka bi gaɓar tun daga Masar har Iritiriya, baƙaƙe ne tsirara babu ciyawa, wasu tsayinsu ya haura mita 2,000. A cikinsu garin Sinkat yake da Jabait, da Arkawit wadda ita kam Allah yayi mata baiwa, hazo daga teku yana hawowa ya lulluɓe ta sai kaga kore da sanyi har ka manta a wace jiha kake. In ka tsallake duwatsun ta garin Haya sai hamada tsantsa har Nilu. Girman jihar ya haura murabba'in kilomita dubu 200, wato ta ninka jihar Kano wajen sau goma, gaɓar tekun kanta ta fi kilomita 700, amma a ƙidayar 2008 mutanen cikinta duka kusan miliyan 1.4 ne, kuma kaso mai yawa suna cikin Bur Sudan ne. Saura a warwatse suke, gida biyar nan gida goma can a bakin wata rijiya ko cikin wani kwari, zakayi awa biyu a mota baka ga ɗan adam ba sai raƙumi yana kiwon kansa. Kai da ka saba daga Kano zuwa Wudil ƙauye na kallon ƙauye, wannan shirun zai baka tsoro ranar farko.

Lokutan shekara ma a juye suke da naku. Ɗan ruwan da muke samu a gaɓa daga wajen Nuwamba zuwa Janairu yake zuwa, lokacin da ku kuke fama da hunturu da ƙura mu lokacin ne garin yake daɗi, iska na kaɗawa, mutane na fita bakin ruwa da yamma ana shan gahawa. Lokacin da ku kuke damina kuwa, Yuni zuwa Satumba, mu a nan azaba ce. Zafi ya wuce digiri 40 ba labari bane, amma ba zafin ne kaɗai ba, danshin da teku ke turowa ne yake haɗuwa da shi sai mutum yaji kamar an saka shi a madambaci an rufe, gumi baya bushewa, dare baya sanyi, in kuma wuta ta ɗauke fanka ta tsaya to tsofaffi da jarirai su ake fara tsoro wa, duk shekara sai anji zafi ya kashe mutane. Shi yasa babban hutun makarantu a nan yake faɗawa cikin watannin zafin nan, kuma duk mai hali yakan kwashe iyalinsa ya hau Sinkat ko Arkawit ko ya wuce Kasala wajen dangi sai garin ya huce. Marar hali kuma ya jiƙa zani ya lulluɓa ya kwana a tsakar gida. Biki ma in ba dole ba ba'a saka shi a wannan tsakanin, mu lokacin aure shine sanyi.

Yanzu maganar ruwan sha, wadda itace rayuwar. A yawancin unguwannin talakawa famfo ko akwai shi to ado ne, ruwa saye ake. Akwai masu karo, wato amalanken jaki da aka ɗora masa tanki, suna yawo layi layi suna buga ƙarfe, ana sayarwa jarka bibbiyu. Akwai kuma manyan motocin tanka ga mai rijiyar siminti a gidansa. Kuma ruwan iri biyu ne, akwai mai daɗi na sha da girki, akwai mai ɗan gishiri gishiri na rijiyoyi wanda ake wanki da wanka da shi don yafi araha. Duk matar gida a nan ta iya wannan lissafin fiye da lissafin cefane, ruwan da aka ɗauraye shinkafa ba'a zubarwa, wanda akayi wanki da shi ana yayyafa tsakar gida ko a kai banɗaki, yaro tun yana ƙarami ake koya masa alwala da rabin buta kuma in ya bar randa a buɗe zai sha faɗan da ko kuɗi ya yar ba zai sha ba. A watannin zafi farashi yakan tashi har magidanci ya tarar kuɗin ruwa na neman kamo kuɗin abinci.

Wannan ya shiga har cikin zumuncinmu. A unguwarmu in anyi rasuwa ko suna, cikin gudummawar da ake fara kaiwa akwai ruwa, wani ya biya karo guda a kai gidan, wani biyu, don kowa ya san taron kwana uku zai iya kwashe ruwan wata guda na gidan. Kuma zakaga randuna jere a ƙofar gidaje da bakin masallaci an cika don mai wucewa, wannan sadaka ce da ake ji da ita sosai, mutum yakan yi wa mahaifinsa da ya rasu. Ni a ganina babu wata ɗabi'a tamu da tafi wannan kyau, don wanda ya sayi ruwa da kuɗinsa ya ajiye wa baƙon da bai sani ba yasan abinda ya bayar.

Asalin ruwan garin daga wani kwari yake zuwa da ake kira Arba'at, kusan kilomita 40 arewa da gari, inda ruwan da ya sauka kan duwatsu yake gangarowa, akayi madatsa ana tara shi ana turowa ta bututu. A ƙarshen watan Agusta na 2024 akayi ruwan da ba'a saba gani ba a kan duwatsun, madatsar ta fashe cikin dare, ta share ƙauyuka wajen 20, mutane suka mutu da dabbobi ba adadi, waɗanda suka tsira kan duwatsu suka hau. Ka duba wannan al'amari, mutanen da shekara da shekaru ƙishirwa ke damunsu ruwa ne kuma yazo ya cinye su, inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bayan nan garin ya shiga wani hali na ruwa da ban taɓa gani ba. Akwai injinan tace ruwan teku amma basa isa kuma suna cin wuta, ita wutar ma ba tsayayya ba. Maganar jawo bututu daga Nilu kuwa tun muna yara muke jinta, gwamnati ta zo ta tafi ana alkawari, har yau ruwan Nilu bai iso ba, kuma wannan abu yana ci mana rai ƙwarai saboda duk arzikin ƙasar nan ta ƙofarmu yake fita, man fetur ta tashar Basha'ir, tumaki da raƙuma ta Sawakin, riɗi da ƙaro ta babbar tasha, zinariya kuma a cikin duwatsunmu ake haƙo wani kasonta.

Ka tambaya ko muna noma. A jihar nan in kana maganar noma na gaske to Tokar kake nufi, tana kudu da mu wajen kilomita 160. Wani kwari ne mai suna Baraka yake tasowa daga tsaunukan Iritiriya, shekara duk a bushe yake sai tsakanin Yuli da Satumba ya taho da ambaliya da laka ya baje a fili kafin ya kai teku. In ruwan ya tsotse sai a bi danshin a shuka, ba'a jiran ruwan sama, ƙasar tana riƙe laima har amfani ya nuna. Tun wajen shekarun 1860 zamanin Turkawa wani gwamnan Sawakin da ake kira Mumtaz Basha ya kawo noman auduga wajen, kuma audugar Tokar tayi suna sosai, kakanninmu da yawa da tsinkenta suka tara kuɗin jirgin zuwa Makka. Yanzu dawa da gero da tumatir da kankana sun fi yawa. Amma noman caca ne, shekarar da Baraka bai kawo ruwa ba babu komai, shekarar da ya kawo da yawa ya fasa shinge ya shiga gari, don garin a ƙasa yake, haka ya faru a 2024 ɗin nan. Ga wata iska da suke kira hababai mai tahowa da ƙura wata da watanni har rairayi ya binne katanga, ga kuma wata itaciyar ƙaya miskit da aka kawo don tare hamada ta koma ta cinye gonaki. Don haka Bahaushen da noma ne a jininsa yawanci baya zama nan, Gadarif yake tafiya ko Kasala ko bakin Shuɗin Nilu.

Masu ƙasar su ne Beja, kuma ina so ka riƙe wannan da kyau. Suna nan dubban shekaru kafin Larabci ma ya shigo, suna da harshensu, kuma kashi kashi ne, Hadandawa da Amarar da Bishariyin, sai Bani Amir ta kudu wajen iyakar Iritiriya waɗanda da yawansu harshen Tigre suke yi. Akwai kuma Rashaida da suka tsallako daga Hijaz a ƙarni na 19, masu raƙuma da fatauci. Usman Digna da ya wahalar da Turawan Ingila a yaƙin Mahadi a nan yayi yaƙinsa da mayaƙan Hadandawa, sunansa aka sa wa tashar jirgin Sawakin. Mutumin Beja na ƙauye zaka ganshi da farar riga da 'yar falmaran a sama, gashi a tsefe da tsinken katako a ciki, wani da takobi, kuma duk inda zashi da kayan gahawarsa, jabana suke ce mata, ana dafawa a ɗan tulun ƙasa da citta, in bai sha ba ranar bata fara ba. Ɗakinsu na tabarmar kaba ne, kabar goribar nan dai da ka sani, a lanƙwasa sanduna a rufa, kuma ɗakin na mace ne ita ke kafawa ita ke kwancewa. Wani abu da zai baka mamaki kai da ka saba da matan Fulani da ƙwaryar nono, su a al'adarsu mace bata tatsa, namiji ne ke tatsa, kuma wanda ya tatsa baya fara sha sai wani ya ɗanɗana. Kifi ma da kake zaton shine abincin kowa, mutanen duwatsu da yawa basu damu da shi ba, nono da dawa ne abincinsu, in an samu nama a gasa shi kan duwatsun da aka ɗora a garwashi.

Rayuwar ƙauyukan nan tana da wuya ɗan'uwa, ba zan ɓoye maka ba. Fari na shekarun 1984 da 1985 ya kashe musu dabbobi masu yawan gaske, da yawa daga lokacin suka gangaro gefen gari suka kafa rumfunan katako da buhu, suka koma dako a tashar jirgi ko sayar da gawayi, har yau basu koma ba. Tamowa a yara, ƙarancin jini a mata, tarin fuka, duk suna da yawa, asibiti kuma yana iya zama tafiyar yini, mace mai naƙuda a ɗora ta a bayan mota a bi kwari da ita. 'Ya'ya mata a can ciki kaɗan ne ke zuwa makaranta. Wannan ne yasa suke da ɗaci a zuciya game da Khartum, a Janairun 2005 sun fito zanga zanga a Bur Sudan aka harbe mutane, a 2006 akayi yarjejeniyar zaman lafiyar gabas a Asmara, a 2021 kuma suka rufe tashar jirgi da babbar hanya sama da wata guda har burodi yayi wuya a Khartum. Wanda bai zauna da su ba zaice rigima ce, mu da muke maƙwabtaka da su mun san ƙishirwa da yunwa ne ke magana.

A wajensu kowane kwari da kowace rijiya da mai ita, ta wani dangi ce tun kaka da kakanni, ko da kaga fili fetal babu kowa. Baƙo zai iya kiwo, zai iya shan ruwa, zai iya ma shuka in ya nemi izini ya kuma riƙa bada ɗan abinda ke nuna ya yarda ƙasar ba tashi bace, amma ranar da yace tashi ce ranar zaman lafiya ya ƙare. In rikici ya tashi suna da wani alkawarin tsagaita wuta da ake kira galad, manya su zauna a ɗaura shi, kuma ana girmama shi. Iyayenmu sun fahimci wannan tun da wuri, shi yasa mu Hausawan gaɓa mutanen gari ne, sana'a muka riƙe bamu nemi ƙasa ba. Kai da gonar gado take wajenka kamar numfashi nasan zakaji abin wani iri, amma da haka muka zauna lafiya da su tsawon zamani.

Yadda muka zo kuwa ai hanyar Hajji ce ta ajiye mu. Kafin jirgin sama duk mai niyyar Makka daga ƙasar Hausa da Barno gabas yake miƙewa a ƙasa, ta Chadi, Abeshe, Junaina, Fashir, Ubayyid, ana tafiya ana tsayawa ana noma ko ƙwadago a tara guzuri, wani shekara biyu wani goma, a haifi yara a hanya. Bayan yaƙin Burmi a 1903 da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru sai tafiyar ta zama hijira, ɗansa Mai Wurno ya jagoranci jama'a har bakin Shuɗin Nilu. Ƙarshen hanyar ƙasa dai Sawakin ce, daga nan sai ruwa, Jidda na tsallake. Kakana daga ƙasar Haɗeja ya taso, ya sauke farali ya dawo ta nan da niyyar ya huta ya tara na komawa, sai aure, sai 'ya'ya, kabarinsa na nan. Labarin gidaje da yawa kenan. Ita Sawakin a da itace babbar tasha, gidajenta benaye da dutsen murjani na cikin teku aka gina su, amma mashigarta ta yi wa manyan jiragen Turawa ƙunci sai suka gina Bur Sudan kilomita 60 arewa da ita, aka fara a 1905 aka buɗe a 1909, jirgin ƙasa ya haɗa ta da Atbara. Daga nan Sawakin ta fara mutuwa, yau tsohon garin kango ne, sai dai har yanzu daga tasharta jirgin fasinja ke tashi zuwa Jidda, dare ɗaya ne a ruwa.

Sana'o'inmu sune dai waɗanda ka sani, ɗinki, wanzanci, fawa, ƙira, tireda, dako, tuƙin mota, malanta, yanzu kuma akwai likitoci da malaman jami'a da sojoji cikin 'ya'yanmu. Agashe kuwa namu ne kowa ya sani, tsiren nan da ƙuli da yaji, duk Sudan in yamma tayi wajen Bahaushe ake layi. Mata suna kunu da ƙosai da godo godo na gero da nono suna sayarwa daga gida ko bakin kasuwa, kuma da wannan ƙananan kuɗin aka yi karatun yara da yawa.

Kace ko har yanzu muna jin Hausa. Muna ji mana, gashi ina rubuta maka, sai dai a baki in kaji mu zakaji Larabci ya cika ta, lissafi da sunan ranaku da kayan gida duk da Larabci muke faɗa, kuma akwai tsofaffin kalmomi a bakin kakanninmu mata da ku kun daina amfani da su. Ni rubutun boko na Hausa daga baya na koya, ta sauraron BBC da hira da irinku a waya, karatunmu duk da Larabci akayi. Yaran yanzu suna ji amma da Larabci suke mayar da amsa, wannan yana damuna, a gidana na hana a gaida ni da wani harshe in ba Hausa ba. Suna ranar bakwai yana nan da rago da wanzami, makarantar allo tana nan, zikirin Tijjaniyya ranar Juma'a da yamma yana nan, kunya tsakanin suruki da suruka da ɓoye sunan ɗan fari duk suna nan a gidajen da ke da tsofaffi. Tuwo da miyar kuka ma muna ci don kuka na zuwa daga Kurdufan, daddawa da goro ne sai an kawo daga nesa kuma da tsada. Amma karin kumallonmu ful ne, wato dafaffen wake, da burodi, matanmu tob suke yafawa, wato lafaya, mu jallabiya da rawani, ango ma ana sa masa lalle a hannu da ƙafa, wanda nasan a Kano za'a yi ta kallonsa. Da azumi kuma ba'a buɗa baki a cikin gida, kowane magidanci tirensa yake fitowa da shi a shimfiɗa tabarma a layi, duk mai wucewa sai an tsayar da shi, Bahaushe da Bahadandawe da mutumin Nuba a faranti ɗaya.

Sai tambayarka mai nauyi, wai me yasa bamu dawo gida ba. Ɗan'uwa nan ne gida. Ina son Kano, ina alfahari da asalina, amma ni ɗan Sudan ne, ubana ma nan aka haife shi. Ba wai an bamu wannan a sauƙaƙe bane, dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 cewa tayi sai wanda kakanninsa ke nan tun ƙarshen 1897, ka ga kenan ta bar mafi yawan waɗanda suka zo bayan Burmi a waje, sai daga baya aka sassauta har dokar 1994 ta mayar da wa'adin farkon 1956. Duk da haka har yau akwai wanda zaije neman takarda a ji sunan kakansa ko a ga kamanninsa a ce ya kawo ƙarin shaidu, ana kiranmu Takari ko Fallata wani lokacin da raini a ciki. A watan Yulin 2022 da rikici ya tashi a jihar Shuɗin Nilu kan maganar ba Hausawa sarautar gargajiya, wadda a ƙasar nan maganar ƙasa ce, aka kashe mutane sama da 100, Hausawa sun fito a Kasala da Gadarif da Khartum, mu ma nan Bur Sudan mun fito, kuma abinda muke faɗa ɗaya ne, mu ba baƙi bane. Waɗanda suka zo wucewa sun mutu tuntuni, jikokinsu ne ke magana.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 bai iso mu ta ƙasa ba alhamdu lillahi, amma ya canza garin gaba ɗaya. Gwamnati ta dawo da zamanta nan a lokacin, mutanen Khartum da Madani suka kwararo, makarantu suka zama masaukin 'yan gudun hijira, kuɗin haya ya haukace, ruwan da dama baya isa aka ƙara masa baki dubbai, kwalara da zazzaɓin dengi suka samu wajen zama. Ɗaliban Najeriya da yawa ta filin jirginmu aka kwashe su a lokacin. A watan Mayun 2025 kuma jirage marasa matuƙi suka kai hari kan rumbunan mai da filin jirgi, kwanaki hayaƙi na tashi. Babu gidan Bahaushe a unguwarmu da bai sauki dangi ba, ɗaki ɗaya mutum goma, kuma ban ji wanda ya kori nasa ba.

Game da ƙaninka da kace yana son ya biyo ta nan ya tsallaka Saudiyya ba takarda, don Allah ka hana shi, ka gaya masa inji ni. Hanyar da kakanninmu suka bi ta Darfur yau filin yaƙi ce, ana tare mutane ana kwace musu komai ana kuma tilasta samari ɗaukar bindiga. In ma ya iso nan, masu sambuk ɗin da ke tsallakar da mutane da dare kuɗinsa kawai suke so, kwalekwalen katako ne ake cika shi fiye da ƙima, tekun cike yake da duwatsun murjani a ƙarƙashin ruwa, wasu sun nutse ba'a ga gawarsu ba, waɗanda suka kai kuma masu gadin gaɓa na jiransu, a tsare su a dawo da su hannu wofi. In Umra yake so ya nemi bizarsa ya hau jirgi daga Kano kai tsaye. In kuma ziyara kuke so ku kawo mana, to ku bari ƙura ta lafa tukuna, sannan ku zo tsakanin Disamba da Fabrairu, kada ku kuskura ku zo a Yuli ko Agusta.